Gandu Ko Jinga: Lissafin Da Na Yi Kuskurensa Sau Biyu

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, manomi ne, kuma a zauren gidanmu na fara jin muhawarar da daga baya ta biyo ni har ofis cikin wata kama. Duk shekara idan damina ta kankama, ciyawa ta fara rige-rige da dawa, sai ƙaninsa ya zo da shawara ɗaya, wato a ba da noman gonar jinga a huta. Hujjarsa a fili take. 'Yan jinga za su zo su goma, a yi ciniki, su gama cikin kwana biyu, a sallame su, kowa ya kama gabansa. Gandu kuwa nauyi ne da ba ya sauka. Ka ciyar da samarin gida rani da damina, ka yi musu ɗinkin Salla, idan lokacin aure ya yi ka yi musu, alhali aikin gonar na 'yan watanni ne. Baba ba ya musa wannan lissafi. Abin da kawai yake cewa shi ne, ɗan jinga kunyoyi yake ƙirgawa, ɗan gandu kuwa dami yake jira. Duk da haka, a shekarar da ciyawa ta fi ƙarfinmu, shi da kansa yake aikawa a kira 'yan jingar, sai dai ba ya barin gonar har sai sun tashi.

Ban gane abin da yake nufi ba sai da na daɗe ina aikin ma'aji a wata makaranta mai zaman kanta a Kano, mai rassa uku da ɓangaren Islamiyya. A 2019 harkokinmu suka fi ƙarfin littafi da biro. Farkon kowane zango layin iyaye yakan kai bakin ƙofa, rasit yana ɓacewa, malamai kuma suna kwana biyu ko uku suna haɗa sakamakon jarrabawa da hannu. Mai makarantar ya ce a samo manhajar kwamfuta da za ta riƙe sunayen ɗalibai da kuɗin makaranta da sakamako a wuri ɗaya, ya ɗora mini alhakin kawo shawara. Hanya biyu ce a gabana. Ko mu ba wani kamfani kwangila ya gina mana, ko mu ɗauki matasa biyu masu rubuta manhaja su zama ma'aikatanmu.

Na zauna na yi lissafi irin wanda na iya. Albashin mutum biyu na shekara ɗaya kaɗai ya haura kuɗin da kamfanin ya nema na aikin gaba ɗaya. Ga shi kuma albashi ba ya tafiya shi kaɗai. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya zuba kashi 10 cikin 100, ga kashi 1 cikin 100 na asusun diyyar ma'aikata, ga kwamfutoci masu ƙarfi, ga wuta, ga data. A ɓangaren kamfanin kuwa, ban ga ƙarin komai ba sai harajin VAT, wanda a lokacin kashi 5 ne, kafin a mai da shi 7.5 a 2020. Na ɗauki takardun na shiga wurin Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ba ta buƙatar dogon tunani." Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne mai lissafi. Yadda ka gani haka za a yi." Aka ba da jinga.

Adalci ne in faɗi cewa kamfanin ya cika alkawari. Cikin wata huɗu manhaja ta fara aiki, layi ya ragu, iyaye suna samun sakamakon 'ya'yansu a waya. Da annobar korona ta zo aka rufe makarantu a Maris ɗin 2020, kuɗi suka daina shigowa, muna fama da yadda za mu biya malamai, na riƙa gode wa Allah da ban ƙara mana albashin mutum biyu ba. Wannan ita ce babbar fa'idar jinga, kuma har yau ban raina ta ba. Idan babu aiki, babu biya.

Matsalar ta fara ne a hankali bayan an koma karatu. Makarantarmu tana da al'adun da duk wanda ya zauna a ofishina mako guda zai sani, amma ban taɓa tunanin rubuta su ba. Muna yi wa 'yan gida ɗaya rangwame daga yaro na uku. Akwai marayun da wani bawan Allah yake biya musu rabi. Akwai iyayen da ke biya kashi biyu ko uku, akwai manomin da ke kawo buhun masara bayan kaka a cire daga bashinsa. Ɓangaren Islamiyya kuma yana tafiya da watan Musulunci, hutunsa daban. Manhajar ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Duk lokacin da na kira kamfanin, amsar ɗaya ce cikin ladabi: wannan ba ya cikin yarjejeniya, za mu turo sabon farashi. Ba zan ce sun cuce mu ba, domin ni ne na rubuta musu buƙatunmu a shafi biyu, su kuma suka gina abin da ke cikin shafi biyun. Ga kuɗin kulawa na shekara-shekara, ga kuɗin ajiye bayanai a intanet da ake lissafawa da dala. Kafin shekara ta uku ta cika, abin da muka kashe a kan gyare-gyare ya wuce kuɗin ginin farko.

Da a kuɗi abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Wata rana a tsakiyar zango, manhajar ta fitar da jerin masu bashi, muka mai da yaran gida kamar yadda aka saba. Washegari wata mata ta zo ofishina, mahaifiyar wata yarinya 'yar aji biyar. Mijinta ya rasu, da ɗinki take riƙe da 'ya'yanta. Ta ce ta biya kuɗin kashi biyu, ba a bin ta ko kwabo. Na juya mata fuskar kwamfuta na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ga shi nan ya nuna da saura." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ni ban san kwamfuta ba, amma na san abin da na sayar na biya." Ban saurare ta ba. Na fi amincewa da allon da ke gabana a kan macen da ke tsaye a gabana. Sai bayan kwana tara ta dawo da takardun banki biyu da ta tono a cikin kayanta, kuma duk kwanakin nan yarinyar tana gida.

Da muka matsa bincike, sai aka gano cewa idan aka biya kashi na biyu a ranakun da ake sauya zango a cikin manhajar, kuɗin yakan shiga asusun makaranta amma ba ya hawa kan sunan ɗalibi. Kamfanin ya ɗauki mako biyu kafin ya gano inda kuskuren yake, saboda wanda ya rubuta wannan ɓangare ya bar aiki da su tuni. Da aka bi diddigi, ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Akwai iyayen da suka sake biya saboda gudun tozarci, ba su ce komai ba. Na je har gida na ba matar haƙuri, ta ce ta yafe. Amma a wane shafi na lissafina zan rubuta kwana tara na karatun marainiya, da kunyar da na ba uwarta a gaban mutane?

Shekaru bayan haka, da labarin hukumar gidan waya ta Birtaniya ya cika duniya a farkon 2024, na karanta shi jikina yana sanyi. Tun 1999 hukumar ta fara amfani da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu yake kula da ita. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassan da babu giɓi. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassa sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, wasu suka tafi kurkuku, wasu suka tsiyace. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar tana da kurakurai, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta soke hukuncin da aka yanke musu. Girman abin ya bambanta da nawa nesa ba kusa ba, amma cutar ɗaya ce. Hukuma ta dogara kacokan ga abin da ba ta san cikinsa ba, ta gaskata na'ura, ta ƙaryata mutum.

Bayan abin da ya faru da matar nan, na ce a raba gari da kamfanin. A nan na gano sauran bashin da ban san mun ci ba. Sunan shafinmu na intanet da sunan kamfanin aka yi masa rajista. Ma'ajiyar bayanan tana hannunsu. Asalin rubutun da aka gina manhajar da shi kuwa, wani sakin layi a yarjejeniyar da na sa wa hannu ba tare da na karanta da kyau ba ya ce mallakarsu ne, mu izinin amfani kawai muka saya. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Sai da muka sake biya kafin a miƙa mana bayanan ɗalibanmu, muka fita hannu rabbana da manhajar da muka yi shekaru muna zuba wa kuɗi.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na koma wurin Alhaji na ce yanzu kam gandu za mu yi. Muka ɗauki matasa biyu da suka karanta kimiyyar kwamfuta, muka ba su ɗaki kusa da ofishina. Bambancin ya bayyana nan da nan. Suna ganin layin iyaye da idonsu, suna jin ƙorafin malamai a ɗakin hutu. Maganar buhun masara da ta gagari kamfani, ɗayansu ya warware ta da yamma ɗaya, domin shi ma ɗan manomi ne. Babu sabon farashi, babu jiran mako biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To amma shi ma gandun ya zo da nasa lissafin da ban hango ba. Aikin da suka ce wata huɗu ya kusa cin shekara, ni kuma ba ni da ilimin da zan gane ko jinkirin na dole ne ko na rashin ƙwarewa. Ma'aji yana iya duba aikin akawu, amma yaya zai duba aikin da ko karanta shi bai iya ba? Muka sayi na'urar sola saboda aikinsu ba ya jure ɗaukewar wuta. A dogon hutu aiki yakan yi ƙasa, albashi kuwa ba ya hutu. Akwai kuma fannonin da mutum biyu ba za su haɗa saninsu ba, musamman tsaron bayanai, wanda sai da muka nemo gwani daga waje muka biya shi.

Sai kuma abin da ya fi duka. A Yunin 2023 gwamnati ta saki darajar Naira ga kasuwa. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai rubuta manhaja, ba kamar malamin aji ba, yana iya zama a ɗakinsa a Kano ya yi wa kamfanin Turai aiki a biya shi da kuɗin waje. Wata safiya babban cikin yaran biyu ya shigo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina neman afuwa. Na samu aiki da wasu mutanen waje, abin da za su ba ni a wata ba zan iya faɗa maka ba don kunya." Na sa masa albarka, domin ko ɗan cikina ne ba zan hana shi ba. Bayan tafiyarsa muka tarar cewa rabin manhajar a kansa take. Bai rubuta bayanin yadda ya tsara ta ba, mu kuma ba mu taɓa neman ya rubuta ba. Ramin da na guje wa a wurin kamfani, shi na sake faɗawa a cikin gida.

A wannan lokaci ne wani abokina malamin tattalin arziki ya ba ni labarin Ronald Coase, Baturen Ingila da ya rubuta wata maƙala a 1937 wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi kyautar Nobel a 1991. Tambayarsa mai sauƙi ce: idan kasuwa tana iya samar da komai, me ya sa kamfanoni suke ɗaukar ma'aikata na dindindin maimakon su ba da kowane aiki kwangila? Amsarsa ita ce shiga kasuwa ma yana da nasa kuɗin. Neman wanda ya iya, ciniki da shi, rubuta yarjejeniya, sa masa ido, sake ciniki idan buƙata ta sauya, duk ɗawainiya ce. Inda wannan ɗawainiya ta fi ta riƙe ma'aikaci tsada, sai a ɗauki ma'aikaci. Inda ba ta kai ba, sai a ba da kwangila. Na yi dariya da na ji, domin muhawarar Baba da ƙaninsa ce aka kai jami'a. Aikin da za a iya bayyana shi tsaf tun farko, a auna shi idan an gama, kamar gina katanga, ya dace da jinga. Aikin da yake sauyawa kullum, wanda saninsa yake tattare da sanin gidan, yana wahalar sayarwa da sayowa. Manhajar da hukuma take rayuwa a kanta kuwa ba a taɓa gama ta, kamar yadda ba a gama noman gona.

Ko gwamnatoci masu kuɗi sun sha wannan darasi. A ranar 1 ga Oktoban 2013 gwamnatin Obama ta buɗe shafin intanet na inshorar lafiya a Amurka, wanda kamfanonin kwangila da dama suka gina ɓangare-ɓangare. Shafin ya durƙushe tun ranar farko, har bayanan cikin gida suka nuna mutum shida kacal suka iya kammala rajista a wannan rana. Kowane ɗan kwangila ya yi nasa, amma hukumar da ta ba da aikin ba ta da isassun ƙwararrun da za su haɗa kan ɓangarorin su gwada su tare. Bayan an ceto shafin, a 2014 gwamnatin ta kafa sashen ƙwararrun fasaha nata na kanta. Ba ta daina ba da kwangila ba, amma ta gane dole a sami na gida da ya san abin da ake saya.

A nan gida ma ɗalibai ba su manta da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ba. Cikin abubuwan da aka yi ta jayayya a kansu har da manhajar biyan albashi ta IPPIS, wadda malaman suka ce ba ta san yanayin aikin jami'a ba, kamar malamin da ke koyarwa na wucin gadi a wata jami'a ko mai hutun bincike. Suka gina tasu mai suna UTAS, hukumar NITDA ta ce ba ta tsallake wasu gwaje-gwaje ba, su kuma suka musanta. A Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. Duk ɓangaren da mutum ya goya wa baya, abin lura shi ne tambayar wa ya gina manhaja, wa kuma yake riƙe da ita, tana cikin abubuwan da suka zaunar da ɗalibai a gida.

Yau a makarantarmu mun koma tsarin Baba. Muna da ma'aikaci ɗaya na dindindin, muna biyansa gwargwadon ƙarfinmu, kuma babban aikinsa shi ne ya san manhajar ciki da waje, ya rubuta duk abin da ya sani yadda wani zai iya ɗorawa idan ya tafi, domin mun san wata rana zai tafi. Idan babban aiki ya taso, kamar haɗa manhajar da banki, muna ba da jinga, amma shi yake rubuta buƙatun, shi yake duba aikin kafin a biya, kuma biyan kashi-kashi ne. Sunan shafi da ma'ajiyar bayanai da kalmomin sirri duk da sunan makaranta suke. Kowace yarjejeniya tana faɗa ƙarara cewa asalin rubutun namu ne. Sannan mun kafa ƙa'idar da ba ta da alaƙa da fasaha: ba a mai da yaro gida saboda abin da kwamfuta ta nuna sai mutum ya duba takardun banki da idonsa.

Ga duk mai makaranta ko asibiti ko kamfanin da ke gaban irin takardu biyun da na taɓa riƙewa, shawarata ita ce kada ya kwatanta farashin kwangila da albashin shekara ɗaya kamar yadda na yi. Ya shimfiɗa lissafin a kan shekara biyar. A ɓangaren kwangila ya sa kuɗin kulawa da na gyare-gyare da abin da dala za ta iya yi, da kuɗin rabuwa idan zama ya ƙi daɗi. A ɓangaren ma'aikata ya sa fansho da kayan aiki da watannin da babu aiki, da ranar da gwanin zai yi sallama. Sannan ya tambayi kansa sau nawa buƙatunsa suke sauyawa, kuma idan abin ya lalace ranar Litinin da safe, wa zai kira, wa kuma zai cutu kafin a gyara. Ƙaramar sana'ar da buƙatunta irin na kowa ne wataƙila ma ba ta buƙatar ko ɗaya, manhajar da aka riga aka gina ta haya ta ishe ta. Araha dai ba ta ado, tsada kuma ba ta tabbatar da inganci.

Ga ɗalibanmu masu karanta kimiyyar kwamfuta kuma, ko a gandu kuka samu kanku ko a jinga, ku sani cewa a bayan kowane layi da kuke rubutawa akwai wani mutum da ba za ku taɓa gani ba, wanda za a gaskata ko a ƙaryata saboda aikinku. Ku tambayi yadda gidan yake tafiya kafin ku fara, ku kuma bar bayani ga wanda zai gaje ku.

Yarinyar nan tana babbar sakandare yanzu, a makarantarmu. Duk farkon zango mahaifiyarta takan zo da kanta, ta biya, ta karɓi rasit, ta ninke shi ta ɗaure a bakin mayafi. Ban taɓa ce mata ba sai ta yi haka ba. Idan na gan ta nakan tuna Baba a tsaye a bakin gona da rana tsaka, 'yan jinga suna aiki, shi kuma yana bin kunyoyin ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gane lissafin da ba ya hawa takarda.